Badar Mai Hoto da Gilashin Gindin Kwalba

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ta Jos a shekarun da wayar salula ta fara shigowa gari ya san Malam Badruddeen, ko yana so ko ba ya so. Badar Mai Hoto ake ce masa. Shagonsa na bakin titi, jikin shagon kayan masarufi na Madam Cordelia, da wani labule mai zanen teku da bishiyar kwakwa, wanda rabin mutanen unguwar suka tsaya gabansa aka ɗauke su ba tare da sun taɓa ganin teku ba. Kyamara ba ta barin wuyansa ko gidan gaisuwa za shi. Aikinsa ba laifi, a faɗi gaskiya, bakinsa ne matsalar. In ka yi kuskuren gaishe shi ka tsaya, zai sanar da kai cewa ido iri uku ne a duniya: na sauran mutane, na shaho, sai kuma nasa.

Ana nan aka sa ranar auren Chinonye, 'yar Madam Cordelia tilo. Cordelia ta zo Jos tun tana amarya, a nan ta haihu, a nan ta binne mijinta, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta da hoto ko ɗaya da mahaifiyarta, wadda ke can ƙauyensu a Gabas. To bana tsohuwar ta yarda a ɗauko ta a mota ta zo bikin jikarta. Dangin ango suka ce za su kawo wani matashi, Okwudili, mai sabuwar kyamarar nan da ake ganin hoto a bayanta tun kafin a wanke. Da labari ya kai kunnen Badar, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba ya faɗa shagon maƙwabciyar tasa. Ya ce wannan abin wasan yara ne, shi kuma ba ya haɗa fili da yara, ko shi kaɗai ko a nemi wani.

Cordelia ta bar shi ya gama, sannan ta ce, da irin Hausarta:

"Oga Badar, hoto ɗaya nake so. Ni, da mamana, da Chinonye cikin farin kaya, a ƙofar coci. Sauran ko ya ƙone ban damu ba. Mama ya tsufa, ba zai sake shiga mota ya zo Jos ba."

Ta kuma ƙara da abin da ya fi yi masa ciwo. Ta ce ta lura kwanan nan in zai duba lambobin jikin kyamara sai ya miƙe hannu har ƙarshe yana ƙanƙance ido, don haka ya je a duba masa ido tukuna, in ya dawo da gilashi aikin nasa ne. Da wani ne, da ya ji kunya. Badar kuwa kafin ya kai ƙofar shagonsa ya riga ya mai da maganar dabararsa. Ya gaya wa masu shayi cewa ba ciwon ido zai kai shi asibiti ba, ƙarin ƙarfi zai je a yi masa.

Ga yadda lissafinsa ya tafi. A sana'arsu, idon kyamara in ya fi kauri da nauyi, shi ya fi daraja, shi ya fi jawo nesa kusa. To me zai sa na mutum ya bambanta? Kuma ya san halin ma'aikata: in ka yi saurin cewa ka gani, sai su sallame ka da ɗan siririn gilashi, su ɓoye mai kyan su ba manya. Shi ba za a yi masa haka ba.

Ya je wani ɗan asibitin ido a cikin gari, ya zauna a bencin baranda yana jiran layi. Ƙofar ɗakin gwaji a buɗe take, ga allon can jikin bango, mai alamun nan masu ƙafa uku, wata ta dubi sama, wata ta dubi hagu, suna ƙanƙancewa har ƙasa. Badar ya ɗaga kyamara kamar mai duba ƙura a jikinta, ya jawo allon da dogon idonta, ya haddace layin ƙarshe tsaf, irin haddar da malaminsa na allo ya yi ta nema a wurinsa da bulala bai samu ba.

Mai gwajin wata matashiya ce, Firisila. Ranar babu wuta, injin da ake leƙa ido da shi yana lulluɓe, sai akwatin gilasai da wani firam na ƙarfe da ake zura su ciki. Ta zura na farko, allon ya fito masa tas, har da ƙudan da ke kai.

"Baba, yanzu fa?"

"Ƙara."

Ta sauya. Ya ce ƙara. Ta koma ɗaya ɓangaren akwatin ta gwada, ya ji wannan ya fi nauyi a hanci, ya ce yauwa, ta nan za a bi, amma a ƙara. Haka suka yi ta tafiya har hannunta ya kai can ƙarshen akwatin, inda gilasan suka yi ƙura don ba a cika taɓa su ba. Ta zura masa wani mai kaurin gindin kwalba. Allo ya ɓace, bango ya ɓace, ita kanta Firisila ta zama wani ɗan farin abu can nesa. Sai Badar ya gyara murya ya zubo layin ƙarshe daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Firisila ta dube shi. Ta ce hankalinta bai kwanta ba, ya dawo gobe in an kawo wuta ta duba da inji. Badar ya sanar da ita cewa yana aiki da gilashi tun ba a haife ta ba, kuma in rowa za ta yi masa ta faɗa kawai. Masu layi suka fara ƙorafi daga baranda. Ta rubuta masa lambar gilashin. Ta ce sabon gilashi yakan ɗan yi wa mutum wani iri da farko, ya daure ya riƙa sawa har ido ya saba, in bai ga daidai ba ya dawo maza. Rabin farko na maganar ya ɗauka, rabin ƙarshe ya bar mata a ɗakin.

Ranar da ya karɓo tabarau ɗin, abokinsa Lukuman ɗan acaɓa ne ya kai shi. Badar ya ɗora shi a hanci a bakin ƙofa, ya ɗaga kai don ya ga duniya sabuwa. Ya kuwa gan ta. Shi da ya je neman mai jawo nesa kusa, sai ga shi da mai kwashe na kusa ya kai nesa. Titi ya janye, mutane suka zama 'yan mitsi-mitsi cikin hazo, ƙafafunsa ma ya hango su can ƙasa kamar na wani. Ya nufi inda yake zaton mashin yake da dogon taku, ya buga gwiwa a salansar mashin tun bai kai rabin tafiyar da ya shirya ba.

"Oga, mashin ɗin yana gabanka, ba a Bukuru yake ba," in ji Lukuman.

Badar ya ce gwada ƙarfin ƙarfen yake yi. Ya hau, ya ƙanƙame Lukuman har gida kamar wanda bai taɓa hawa mashin ba, yana bayyana masa cewa yanzu haka yana hango abubuwan da bai kamata ya faɗa ba.

Matarsa Tabawa tana tankaɗe ya shigo. Ta dube shi, ta ajiye rariya, ta tambaye shi ina ya baro idanunsa, don ita dai abin da take gani a bayan gilashin nan bai fi ƙwayar wake biyu ba. Ya ce ba laifinta ba ne, ilimin gilashi ba na kowa ba ne. Ta kawo tuwo. Ya hango kwanon miya can nesa, ya miƙa hannu da ƙarfinsa, hannun ya shige miyar kuka har wuyan riga.

"Sannu," in ji Tabawa. "Da na san wanka za ka yi da na ƙara ruwa."

"An ce sai ido ya saba."

"To Allah ya sa ya saba kafin kwanonina su ƙare."

Kafin mako ya zagayo unguwa ta samu abin kallo kyauta. Mutum yana tsaye gab da shi, Badar zai ɗaga murya ya gaishe shi kamar yana hayin kogi. Ya miƙa wa liman hannu a ƙofar masallaci, ya ture masa hula. Kwatar da yake tsallakawa tun yana saurayi ya faɗa cikinta da ƙafa biyu, ya fito yana zagin masu gyaran hanya da suka matso da ita ba sanarwa. Kansa yana sarawa, zuciyarsa tana tashi, ya ce wa masu shayi ai dole, ƙwaƙwalwa ce take faɗaɗa don ta ɗauki yawan abin da ido ke kawo mata. In ya tabbatar ba mai kallonsa sai ya sunkuyar da kai ya leƙa ta saman firam ɗin ya ga hanya, da haka yake kaiwa shago da ransa. Tabawa ta kama shi yana leƙen, ta ce ya koma wurin yarinyar asibitin nan tun kafin ranar bikin mutane ta zo. Ya ce ya koma ya ce mata me, ta yi gaskiya?

Mutum ɗaya ce abin ya burge, ita ce Madam Cordelia. Ta karɓi tabarau ɗin ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta jinjina kai. Badar ya ga wuri, ya ce daga nan inda suke tsaye yana iya hango ƙadangare a kan duwatsun Shere, har ya faɗi ko namiji ne ko mace. A ranar ta aika wa dangin ango cewa kada Okwudili ya wahalar da kansa. Mai bidiyo ma Badar ya ce ba amfani, abin da sai an kawo wuta za a kalla. Da yake gilashin yana yawan zamewa daga hancinsa saboda nauyi, sai ya karɓi robar wando a wurin tela ya ɗaure shi ta ƙeya.

Yana da dabara a ransa, ba wai ba shi da ita ba. Ya shirya in ya sa fuska a bayan kyamara zai tura gilashin goshi a hankali, ya yi aikinsa da idon da Allah ya ba shi, ya mayar kafin a lura.

Ranar Asabar ɗin biki aka fito daga coci da kiɗa da guɗa. Aka riƙo tsohuwar a hankali, 'yar ƙarama, an naɗe ta cikin rigar sanyi saboda iskar Jos ba ta yi mata da daɗi ba. Da aka ce hoto za a ɗauka ta sa aka cire mata rigar sanyin, don a ga zaninta rawaya da ta ajiye tun shekaru saboda rana irin wannan. Ta tsaya a tsakiya, Cordelia a dama cikin shuɗi, amarya a hagu. Badar ya kori kowa gefe da hannu, ya ɗaga kyamara, ya sa babban yatsa ya fara tura gilashin sama.

"Oga Badar, mayar da shi," in ji Cordelia daga inda take tsaye. "Saboda wannan gilashi na kori yaron can."

Jama'a duk suka juyo. Ya mayar. Ya leƙa cikin kyamara, bai ga komai ba sai hazo mai launi uku. Amma ai shi gwani ne, hannunsa ya san kyamararsa ko a duhu: in abu yana kusa ka murɗa idonta nan, in yana nesa ka murɗa can har ƙarshe. Ya ɗago ya auna tazarar da sabon idonsa, ya hango matan uku can nesa ƙwarai. Ya ce su matso. Suka matso. Ya ce su ƙara. Suka ƙara har amarya tana jin ƙamshin goron bakinsa, amma shi har yanzu a nesa yake ganinsu. Ya ce a ransa ba komai, ya murɗa idon kyamarar har ya tsaya a ƙarshe, inda ake sa shi in za a ɗauki dutse ko jirgin sama.

Tsohuwa tana rawar sanyi tana murmushi, shi kuwa ya tsaya yana yi wa jama'a bayanin yadda haske yake tafiya. Daga ƙarshe ya danna. Cordelia ta roƙe shi ya sake ko don tsaro. Ya ce gwani ba ya harbi biyu, amma saboda maƙwabtaka zai yi, ya sake dannawa ba tare da ya taɓa komai ba.

Aka wuce filin makarantar firamare inda aka kafa rumfunan liyafa. A can ma kowa nesa yake, don haka idon kyamara ya zauna inda yake. Badar ya yi ta shawagi tsakanin kujeru yana ba da umarni da ƙarfi a kunnen mutane. Ya taka wayar makirufo, mai gabatarwa ya yi ta magana shi kaɗai. Ya durƙusa gaban amarya da ango lokacin yanka kek, ya matsa don ya cike tazarar da yake gani, gwiwar hannunsa ta tafi da furen saman kek ɗin. Ya ce dama furen yana tare haske.

Al'adar masu hoto a lokacin ita ce, in an ci rabin biki sai ka ruga wurin wankin hoto, ka dawo da hotuna tun jama'a ba su watse ba, ka baza su kowa ya nemi nasa ya saya. Badar ya sa aka nemo Lukuman, wanda ya fito daga bayan rumfar abinci yana goge baki, suka nufi wajen kasuwar Taminus. Mai wankin, Ejiofor, ya sa fim a inji. Da hotuna suka fara fitowa ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki wani, ya leƙo ta taga.

"Oga Badar, ka duba wannan aiki kuwa? Mutanen gaba duka sun zama hayaƙi."

Badar ya karɓa ya duba ta cikin gilashi, ya ga hazo, kamar yadda yake ganin Ejiofor da injinsa da duk abin da ke duniya. Ya juya baya ya leƙa ta saman firam, nan ma hazo, don dama abin da ke kusa ne idonsa na asali ya daina kamawa. Sai ya yanke hukunci cewa hoto lafiya lau yake. Ya dubi Ejiofor da tausayi ya ce shekaru sun fara kama shi, in yana so zai kwatanta masa inda ake yin gilashi mai kyau. Ya kuma ce na farkon fim ɗin, na ƙofar coci, a faɗaɗa shi babba a sa a firam. Ejiofor ya ce bai ba da shawara ba. Badar ya ce ba shawara ya zo saya ba. Kafin a gama faɗaɗawa ya zauna ya buga hatimin shagonsa a bayan kowane hoto, don kada gobe wani ya ce shi ya ɗauka.

Wannan jiran ne ya cinye musu yamma. Kafin su dawo, bas ɗin da dangin Gabas suka yi haya ta riga ta tashi, saboda direba ya ce ba zai sauka gangaren Filato cikin duhu ba. An sa wa tsohuwa rigar sanyinta an ɗora ta a kujerar gaba, ta tafi tana cewa a aiko mata da hoton. Amarya ma ta sauya kaya.

Badar ya sauka daga mashin, ya shimfiɗa tabarma a gaban babbar rumfa, ya baza hotuna. Bai tsaya nan ba, ya karɓe makirufo daga hannun mai gabatarwa ya sanar da jama'a cewa yau za su ga bambancin aikin ido da aikin batir, kowa ya zo ya ga kansa yadda ko madubi bai taɓa nuna masa ba.

Aka taso. Aka sunkuya. Sai wata mata ta fashe da dariya, dariyar ta bi layi.

Duk wanda ya tsaya ya gyara ɗauri ya yi murmushi don a ɗauke shi, ya narke ya zama gajimare. Amma abin da ke can baya, wanda ba wanda ya ce a ɗauka, ya fito tas har ana iya ƙirga gashin gira. Ga Mariya, shugabar masu rabon abinci, wadda ta rantse wa mutane nama ya ƙare, tana tura soyayyen kaza cikin jakarta. Ga Mustapha tela, wanda ya aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi shi ya sa bai gama ɗinkin abokan ango ba, zaune a gindin mangwaro da faranti a kowace cinya. Ga kawun ango yana barci baki buɗe lokacin da ake yi wa ma'aurata addu'a. Ga Lukuman kansa yana jera kwalaben lemo cikin rigarsa.

Nan take wuri ya yamutse. Masu laifi suka yi kan tabarma kowa yana neman ya kwashe nasa kafin maƙwabci ya gani, waɗanda ba su da laifi suna fizgewa suna ɗagawa sama. Badar yana jin hayaniya da turereniya, daɗi ya kama shi.

"Ku bi layi, jama'a, kowa zai samu," ya faɗa a makirufo. "Wanda nasa ya ƙare akwai fim, sai a sake wankowa."

"Ka sake wanko uban wa?" in ji Mariya. "An kira ka ɗaukar amarya ko an kira ka gadin tukunya?"

"Hajiya, kyamara ba ta ƙarya."

"Ita ba ta yi, mai ita ne ya ƙware."

Mustapha tela ya ce shi dai a gaya masa nawa 'yan sanda suke biyan Badar. Lukuman ya tura nasa cikin aljihu ya koma kusa da mashin. Badar ya ɗauka duk santin aiki ne. Ya ɗaga hannu ya ce a natsu, babban bai fito ba tukuna. Ya kira Madam Cordelia gaban jama'a, ya miƙa mata firam ɗin a naɗe cikin takarda, ya kusa buga mata shi a ƙirji.

Ta warware a hankali. Gajimare uku ne a jere, shuɗi, da fari, da wani ɗan ƙarami rawaya a tsakiya. Ta saman kawunansu kuwa ga katangar coci, kowane bulo da layinsa, da wani mai gasa masara a tsallaken titi yana sakace haƙori, ya fito kyakkyawa kamar shi ya biya. Cordelia ta daɗe tana kallo. Dariyar da ake yi ta mutu da kanta.

"Oga Badar, ina mamana?"

Ya matso da ƙarfin gwiwa ya dangwala yatsa a kan mai masara.

Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ta miƙa hannu ta cire gilashin daga fuskarsa, robar wandon ta tsinke ta tsula masa a kunne. Ta ɗora a nata idon, ta yi tangaɗi, sai da Chinonye ta riƙe ta. Ta miƙa wa na kusa da ita. Haka tabarau ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, duk wanda ya sa sai ya lalubi kafaɗar wani. Kawun ango, wanda ya farka a kan lokaci, ya gwada ya ce ko a gidan giya bai taɓa ganin ƙasa ta gudu haka ba. Badar kuwa, da idonsa tsirara, a karon farko ranar ya ga fuskokin mutane sarai, kuma ba wadda ta yi masa daɗin gani.

"Ido ne bai gama sabawa ba," in ji shi, ya manta makirufo na hannunsa.

"Ya saba da kwata, ya saba da miyata," in ji Tabawa daga cikin mata. "Amarya ce kawai bai saba da ita ba."

Cordelia ta tambayi wani tun yaushe bas ta tashi. Aka ce ai yanzu sun yi nisa, ba mashin ɗin da zai kamo su. Ta gyaɗa kai, ta rungume firam ɗin ta bar filin, ba ta sake duban inda yake ba. Sauran hotunan kuwa ba wanda ya rage a tabarma, kuma ba wanda aka biya.

Ranar Litinin Badar ya koma wurin Firisila ba kyamara a wuya, ya amsa tambayoyinta kamar mutumin kirki. Ta ba shi wanda ya dace da shi, ya gani tas, kusa da nesa. Ya gaya wa masu shayi cewa wancan an yi shi ne don ƙasashen Turai inda iska ba ta da nauyi, amma ba wanda ya ɗago kai daga kofinsa.

Kafin damina ta fita saƙo ya zo daga Gabas cewa tsohuwa ta rasu. Cordelia ta rufe shago ta tafi. Da ta dawo ta buga ƙusa a saman kantar madara da sukari, daidai inda ake hangowa daga titi, ta rataye hoton nan. Wasu suka ce don ta tozarta maƙwabcinta ne, wasu suka ce ba ta da wani ne kawai, kuma duka biyun suna iya zama gaskiya. Badar dai kullum da safe sai ya wuce ta gabansa kafin ya buɗe shago, da gilashin da ba ya ɓoye masa komai.

Baƙon da bai san labari ba yakan tsaya da canjinsa a hannu ya tambayi Madam wannan hoton mene ne. Ita kuma ba ta gajiya da amsawa.

"Mamana ne, na tsakiya, mai rawaya," takan ce, ta nuna shagon da ke jikin nata. "In kana so ka san yadda fuskarsa yake, tambayi Oga Badar. Shi ya gani da kyau."